Faranjifani Ba Ta Mutu Ba, Hutawa Take Yi

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce faranjifani, bishiyar furen nan da ke tsakar gidanki a Barnawa, ta kaɗe ganye kaf tun shigowar hunturu, kina ta ɗura mata ruwa safe da yamma amma shiru, ko ta mutu ne? In sha Allah da ranta. Amma don Allah ki ajiye bokitin nan, ruwan ne zai kashe ta.

Halinta ke nan. Asalinta daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, kuma da rani ya yi sai ta zubar da ganye ta huta, ta dogara da ruwan da ta tara a cikin rassanta masu kauri. Ki matsa reshe da yatsa. In kin ji shi da tauri, kika karce da farce farin ruwa ya tsattsafo kamar na tumfafiya, lafiyarta ƙalau. Dama danginsu ɗaya da tumfafiya da kariya. In kuwa ya yi lugub ya yi baƙi, ruɓa ta shiga, sai a yanke har a tarar da inda yake fari tas.

Tawa tana nan a Unguwar Rimi, duk shekara haka take tsayawa zigidir, baƙo ya ɗauka busasshen itace ne. Da zafi ya kama wajen watan Maris sai ki ga fure ya fara ɓullowa a kan rassa, wani lokaci tun kafin ganye. Fari ne mai ruwan ɗorawa a tsakiya, kunnuwa biyar, da kauri a hannu. Ƙamshin ya fi tashi bayan magariba, saboda malam-buɗe-littafin dare take kira ya kwashe mata garin fure, alhali ko ɗigon zuma babu a ciki. Yaudara ce zalla!

Matsalarmu a Kaduna jar ƙasar nan ce mai riƙe ruwa, ga ruwan Agusta ba ƙaƙƙautawa. In za ki ƙara wata, ba sai kin je wurin masu sayar da furanni ba. Ki yanko reshe mai tsawon kamu biyu, ki jingine shi a inuwa sati ɗaya zuwa biyu har bakin ya bushe, sannan ki kafa shi a tudu, cikin ƙasar da aka cakuɗa da yashi, inda rana ke duka sosai. Fabrairu zuwa Maris ya fi, don ya yi saiwa kafin damina ta kankama.

Da damina za ki ga wani gari ruwan lemo a bayan ganye. Cutar tsatsa ce, ki tsinke ganyen ki ƙona.

Sai maganar yara. Farin ruwan nan yana ƙona ido da fata, rassan kuma gautsi gare su, kada a bar su suna hawa.