Tambayoyinku: Yadda Ɗakin Gwaji Ke Gane Ƙwayar Cuta

Wata mai karatu daga Azare ta ce an karɓi fitsarinta a asibiti, aka ce ta dawo bayan kwana uku, tana tambaya ko jan rai ne kawai.

Hajiya, ba jan rai ba ne. Kafin a gane ƙwayar da ke damunki, sai an shuka fitsarin a kan wani faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye shi a ɗumin da ya yi daidai da na jikin mutum har ya kwana. Idan ƙwayoyi sun tsiro, ma'aikaci zai ɗebi kaɗan ya shafa a kan gilashi, ya rina su da rinin da wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya ƙirƙiro a 1884. Ana fara zuba rini shunayya, a bi shi da aidin, a wanke da sinadarin alkohol, sannan a zuba jan rini. Ƙwayoyin da bangonsu ke da kauri sukan riƙe shunayyar, masu siririn bango kuwa su saki, su koma ja, kuma wannan bambanci kaɗai yana rage wa likita lalube wajen zaɓen magani. Daga nan sai a sake shuka ƙwayar, a jera mata magunguna don a ga wanda zai kashe ta, wanda shi ma yana cin kwana guda. Abin da ke ɓata wannan aiki, wanda kuma ya zama ruwan dare a wurinmu, shi ne mutum ya sha kafso daga kemis kafin ya ba da fitsarin, domin ƙwayar kan ƙi tsirowa alhali tana nan.

Wani bawan Allah daga Misau ya ce an duba kakinsa ba a ga tibi, wato tarin fuka, ba, amma tari ya ƙi tsayawa.

Malam, ƙwayar tarin fuka tana da maiƙo a jikinta, shi ya sa rinin Gram ba ya kama ta sosai, sai an yi mata rinin Ziehl-Neelsen, inda take fitowa ja a cikin shuɗi. Sai dai madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman abu ba ya ganinta idan ba ta da yawa a kakin. Ka koma ka nemi gwajin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, yana ba da sakamako cikin kusan awa biyu, kuma yana nuna ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Wata amarya daga cikin garin Bauchi ta ce an rubuta mata "staf" a takarda, maƙwabta suka ce sanyi ne mai hana haihuwa.

Ki kwantar da hankalinki. "Staf" sunan wata ƙwayar cuta ce, kuma danginta da yawa suna zaune a fatar mai lafiya, kuma sukan faɗa cikin samfur wajen ɗiba. Ana gane danginta idan ta yi kumfa a ruwan haidurojin feroksaid, sannan a haɗa ta da ruwan jini, idan ya daskare to mai hatsarin ce. Ki kai wa likitanki takardar ya duba wacce aka samu, ya haɗa da alamomin da kike ji, kafin ki kashe kuɗi a kan allurai.