Tambaya da Amsa: Da An Ce "Akshin" Sai Kaina Ya Ɗaure

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina fitowa a ƙananan finafinai. A gida nakan haddace maganganuna tsaf, amma da darakta ya ce "akshin" sai bakina ya bushe, hannuna ya kama rawa, komai ya ɓace mini. Ko dai harkar ba tawa ba ce? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan ba rashin baiwa ba ne. Jikinka ne ya ɗauki idanun jama'a a matsayin haɗari, ya saki sinadarin adiranalin: zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ƙafe, numfashi ya tsaya a ƙirji.

Muna zargin yadda kake haddar. Wadda aka yi a kwance, a zuci, ba ta jure zafin fitila da hayaniyar lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Ka riƙa yi a tsaye, da ƙarfi, hannunka na wani aiki kamar guga ko shara. Ka naɗi maganganun abokin wasanka a waya, ka bar gurbin naka, ka riƙa ba wayar amsa. Kalmomin ƙarshe na maganarsa su ne makullin taka, yawancin masu mantuwa kuwa nasu kaɗai suka haddace. A gefen takarda ka rubuta abin da mutumin da kake wakilta yake nema a wannan fitowar, a jimla ɗaya: bashi ya zo karɓa, ko biko ya zo yi? Wanda ya san abin da ya kawo shi, ko kalma ta kuɓuce masa zai samo 'yar'uwarta. Wannan ne ke ceton ɗan wasa ranar da aka miƙa masa takarda a lokeshan.

Saura minti biyu a fara ɗauka, ka dafa cikinka, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi ta baki kana ƙirga 6, sau goma. Tsawon fitarwar ne ke rage gudun zuciya. Hakin sauri kuwa jiri yake kawowa. Rawar hannu, ka dunƙule shi da ƙarfi daƙiƙa 5 ka saki, sau uku. Kofi, goro da lemon ƙara kuzari ka bar su awa huɗu kafin aiki, kuma kada ka zo da yunwa. Idan ka manta, kada ka kalli kamara ko darakta. Ka zuba wa abokin wasanka ido har a ce "kat".

Tambaya: Na fito a wani shiri mai dogon zango a YouTube, na karanta sharhin masu kallo, tun ranar nake jin ban iya komai ba. Daga wata 'yar wasa a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, sharhin nan akasarinsa a kan fuska ne da sutura da halin wadda kika wakilta, ba gyaran aiki a ciki. Ki zaɓi mutum biyu da suka san sana'ar, ki yi musu tambaya takamaimai: muryata na fita? Ina sauraro ko jiran layina kawai nake? Ki kalli fitowarki sau biyu, na farko ba sauti don ki ga jiki, na biyu ki rufe ido ki ji murya. Ki fitar da gyara ɗaya tak, ki tafi da shi aiki na gaba.

Tambaya: Wani ya ce in sha ƙwaya kafin ɗauka. Yaya kuke gani?

Amsa: Kada ka soma. Tiramol da kodin suna dusashe ido, su nauyaya harshe, kamara kuma ba ta ɓoye wannan, ga jarabar shan su da ke biyo baya. Akwai maganin rage bugun zuciya da likita kan rubuta, amma yana da haɗari ga mai asma. Idan fargabar ta bi ka gida, ta hana ka barci da cin abinci sama da mako biyu, ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.