Daga baƙin dutsen Biu zuwa tsingaro: anya ban bar hanya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar ƙarshe a sashen jiyoloji, wato ilimin duwatsu, aikin kammalawata a kan baƙin dutsen tsaunin Biu ne. Wani malami a sashen binciken kayan tarihi ya ce in zo in yi digiri na biyu tare da su, in riƙa duba musu duwatsun niƙa da tsingaro. Abokaina sun ce zan zubar da karatuna, babu kamfanin mai ko na ma'adinai da zai waiwaye ni. Ga kuma kawuna, tun da ya ji labari ya aiko min da gatarin aradu guda uku da kan wani gunki na yumɓu da aka tono a gonarsa wajen Kagarko, wai in gwada masa shekarunsu a na'ura ya san kuɗin da zai sa musu. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗana, ba ka bar hanya ba. Siririn yankin da za ka fere daga dutsen niƙa, kaurinsa ɗaya ne da wanda ka fere daga basalti, wato baƙin dutsen Biu, milimita 0.03, kuma maikuroskof ɗin da ka saba da shi za ka ɗora shi a kai. Tsingaro ma dutse ne da mutum ya haɗa da hannunsa, ya kwaɓa yumɓu da yashi ya gasa. Wanda ya iya karanta ƙwayoyin ma'adinai a cikin dutsen aman wuta zai karanta su a cikin tukunya.

Ba kai ne farau ba. A 1964 Joe Cann, masanin duwatsu, da Colin Renfrew, mai binciken kayan tarihi, suka nuna cewa sinadaran da ke cikin obsidiyan, dutsen aman wuta mai kama da gilashi, suna faɗin tsaunin da aka saro shi, kuma Cann bai bar jiyoloji ba, ya ci gaba da aiki a kan duwatsun ƙarƙashin teku. Ga misali ma a ƙofar gida. Graham Connah, mai binciken kayan tarihi, ya tona tudun Daima a Borno a 1965 da 1966, a ƙasar firgi, wato baƙar laka, inda za ka wuni kana tafiya ba ka ga tsakuwar jifan tsuntsu ba, amma ya tarar da duwatsun niƙa da gatura. Daga ina? Sam Freeth, masanin duwatsu, ne ya taya shi bin sawunsu, wasu zuwa duwatsun Mandara, wasu zuwa Hajar el Hamis a Chadi. Freeth ɗin nan kuwa shi ne dai wanda ya yi aiki a kan tafkin Nyos na Kamaru, bayan iskar gas da ta fito daga tafkin ta kashe mutum fiye da 1,700 a watan Agustan 1986. Albashi ba zai kai na kamfanin mai ba, ba zan ruɗe ka ba. Amma iya karatun siririn yanki da sinadarin dutse ba ya ruɓewa, masu siminti da masu haƙar ma'adinai suna neman sa.

Maganar kawunka ce ta fi damuna, domin ita nake fama da ita kusan kowane mako.

Mutane sun ɗauka akwai wata na'ura da za a ɗora abu a kanta kamar sikelin mai nama, ta rubuto shekarunsa, daga nan a san farashi. Babu ita. Kai ka san gwajin shekaru na kabon 14 sai abin da ya taɓa rai, gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, kuma ba ya wuce shekara 50,000 ko kusa da haka. Dutse bai taɓa numfashi ba. In kuwa ka bi ta gwajin fotasiyam da agon, wanda ake yi wa dutsen aman wuta, abin da za ka samu shi ne ranar da narkakken dutsen ya huce. A ce gatarin kawu da basalti irin na Biu aka yi shi, na'ura za ta ba ka shekaru dubu ɗaruruwa ko miliyoyi, alhali wanda ya zauna ya wasa shi a kan fa wataƙila bai wuce shekara dubu uku da mutuwa ba. Shekarun dutse daban, shekarun gatari daban. Ba kuma aradu ce ta jefo shi ba, ka duba bakinsa da gilashinka na hannu, za ka ga layukan wasawa sun bi gefe guda.

To da me ake sanin shekarun kayan? Da wurin da suke kwance. Ƙoƙon kan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum da mai bincike Mary Leakey ta samu a Olduvai ta Tanzaniya a 1959, ba shi aka gwada ba. Garniss Curtis da Jack Evernden sun gwada shimfiɗar aman wuta da ke tare da shi, a 1961 suka ce shekara miliyan 1.75. Da wani ya ciro shi ya zuba a buhu ya kai musu, da babu abin da za su iya faɗa. Haka Nok, tsohuwar al'adar nan ta masu gumakan yumɓu a tsakiyar Nijeriya. An fara tsintar kan yumɓu a wurin haƙar kuza a 1928, a 1943 aka kai wa mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg wani kan yumɓu daga Jema'a bayan kan ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya, amma kayan da ruwa ya kwaso ya cakuɗa ba su ba da tabbataccen lokaci ba, sai da aka tona Taruga a shekarun 1960 aka same su a mazauninsu tare da murhun narka tama. Masu binciken jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a 2005, da ƙonannen gero suka kai farkon al'adar Nok zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙwayar gero, wadda mai diga yake watsarwa da shebur yana sauri ya kai ga gunki! Kuma mafi yawan kufan da suka je sun tarar an riga su, sai ramuka.

Wani bawan Allah ya taɓa shigo min ofis da abu a naɗe cikin tsohon zane. Ya kwance, sai ga kan yumɓu mai hudajjen ido, an wanke shi tas da omo, an goge da buroshi, an shafe shi da man gyaɗa yana ƙyalli. Na ce ina ƙasar da ke jikinsa? Ya ce ai datti ce. Na ce a zurfin nawa aka same shi, me ke kusa da shi? Ya ce yara ne suka tono, akwai fasassun tukwane da baƙin toka, sun zubar. Sannan ya zaro wata takarda mai hatimi da wani ya ba shi bayan ya yawata masa na'urar neman ƙarfe a kan gunkin, ya karɓi kuɗin bijimi. Na'urar neman ƙarfe a kan yumɓu! Na rasa ta inda zan fara, in yi faɗa ko in yi masa jaje.

Za ka ce ai akwai gwajin hasken da yumɓu ke fitarwa in an ɗumama shi, wanda ke faɗin lokacin da aka gasa shi na ƙarshe. Akwai. Amma lissafinsa yana buƙatar sanin ƙarfin rediyeshin, tururin nan da ido ba ya gani, da ƙasar wurin ke bayarwa, in babu ƙasar kuskuren yana iya kai wa kashi 20 cikin 100. Maƙaryata kuma sun daɗe da gano dabara: a samo tsohon gutsure na gaske a dasa shi daidai inda ake huda samfuri, a gina sabon jiki a kansa. Takarda ta fito da shekara dubu biyu, gunkin kuwa bara aka gama shi. Dillali ne ke cin riba a wannan kasuwa. Manomi ya tashi da gona mai ramuka, wani lokacin da ɗan da rami ya rufta wa, da kuɗin da ba su kai na taki ba.

Kuma laifi ne. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta hana tono da fitarwa waje ba da takarda ba. Ranar da ka sa hannu a kan wani rahoto don a sa wa gunkin kawu farashi, ka zama ɗan kasuwar, kuma babu ɗakin gwaji mai mutunci da zai sake karɓar samfuri daga gare ka. Na san bin ƙa'ida yana da cin rai. Na taɓa jiran sa hannu ɗaya wata bakwai don in aika garin dutse da bai cika cokali ba, injin yanka na sashenmu kuma yana kwance ba a sayo masa wuƙa ba. Mai buhu shi ba ya jiran kowa. Duk da haka na jira.

Ka je ka sami kawu da kanka, kada ka aika. Ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da ke cikin gonar nan amanar mutanen da suka riga mu zama a wurin ce, ya tsayar da yaran daga tono. Ku je ya nuna maka ramin, ka ɗauki lambar GPS ta wurin da wayarka, ka ɗauki hoto, ka rubuta zurfi da launin ƙasa a littafin filinka kamar yadda kake yi a Biu. Kada a wanke komai, tsingaron da aka watsar a gefe ma a bar shi inda yake. Sannan ka gaya wa malamin da ya gayyace ka, ku sanar da gidan tarihi na Kaduna ko na Jos tare. Fom ɗin digiri na biyun kuma ka cike shi kafin a rufe.