Ranar da na'urar jirgi ta saki, hannun matuƙi zai iya kamawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Kyaftin. Ɗana yana neman gurbi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya. Na ji ana cewa yanzu kwamfuta ce ke tuƙa manyan jirage, matuƙa sa ido kawai suke yi. To ranar da ta ƙi aiki fa, za su iya kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron sa'a. Abin da ka ji akwai ƙamshin gaskiya. Tsakanin tsayin ƙafa 29,000 da 41,000, tazarar ƙafa 1,000 kacal ake bari tsakanin jirgi da wanda ke samansa ko ƙasansa, shi ya sa ƙa'ida ta ɗora wa na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta riƙe tsayin a can. Matuƙin dogon zango sai ya yi tafiyar awa goma bai tuƙa da hannu na minti goma ba. Hannu kuwa kamar wuƙa yake, in ba a wasa shi sai ya dakushe.

Hatsarin da ba ya barin raina shi ne na jirgin Air France 447, a daren 1 ga Yuni, 2009, daga Brazil zuwa Faransa. Ƙanƙara ta toshe bututan auna gudu, sai na'urar ta saki tuƙi. Jirgin lafiyarsa ƙalau, injunansa biyu na aiki, kuma kafin minti ɗaya ma'aunin gudun ya dawo. Da an riƙe hancinsa a daidai, an bar injuna yadda suke, da sun wuce. Amma mataimakin matuƙi ya yi ta jan sandar tuƙi baya, hanci ya ɗaga, gudu ya ragu, har fikafikan suka kasa ɗaukar jirgin. Ba a cika minti biyar ba ya faɗa Tekun Atlantika da mutum 228. Ka ga, na'ura takan miƙo maka jirgi ne a daidai lokacin da abin ya fi wuya.

Doka ta ce matuƙi ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90. A ganina wannan bai kai ko'ina ba. Akwai kuma gwaji a na'urar kwaikwayon tuƙi kusan duk wata shida, inda yanzu ake koyar da yadda ake ceto jirgin da ya kuɓuce. Tun 2013 hukumar jiragen sama ta Amurka ta shawarci kamfanoni su riƙa barin matuƙa su tuƙa da hannu idan hali ya yi.

Ni dai in zan sauka a Kano sama garau, babu cunkoso, nakan sanar da abokin aikina, in kashe na'urar tun da wuri. Idan hazon hunturu ya rufe gari, ina barinta ta yi aikinta, domin a nan ta fi ni gani.

A Zariya da ƙaramin jirgi ɗanka zai fara, da hannunsa. Ranar da ya tashi neman aiki, ya tambayi kamfanin ko yana barin matuƙansa su kashe na'ura a ranar da yanayi ya yi kyau.