Hukuncin cire 'ya mace daga makaranta don a koyar da ita a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kano, 'ya'yana biyar. Babbar mace ce, shekararta 11, tana aji biyar na firamare a wata makarantar kuɗi da ake haɗa maza da mata. Kwanan baya ta gaya wa mahaifiyarta cewa wasu yara maza a ajinsu suna shigowa da waya suna nuna wa juna hotunan banza. Na yanke shawarar cire ta, mahaifiyarta ta riƙa koyar da ita a gida tunda tana da NCE, kamar yadda na ga Musulmi suna yi a Amurka da Ingila. Ƙannenta maza biyu za su ci gaba da zuwa makarantar. Ni ɗan kasuwa ne, nakan yi kusan mako biyu a Legas kowane wata, matata kuma tana goyon jariri ɗan wata huɗu. Wani abokina ya ce dokar tilasta karatu ba ta hau kaina ba, domin a Musulunci ɗa na ubansa ne, gwamnati ba ta da hurumi a kansa. Shin abin da zan yi ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri kan kishin tarbiyyar 'yarka, ya kuma yi wa yarinyar albarka da ta kawo wa mahaifiyarta wannan labari ba ta ɓoye ba.

Koyar da yaro a gida halal ne a asalinsa, babu saɓani. Shari'a ta wajabta ilimi, ba ta wajabta wani gini da ake kira makaranta ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu a gida ta yi karatu, kuma ta hanyar jajis, wato malamai mata masu yawo na ƙungiyar 'Yan Taru, ta kai ilimi ga mata har cikin gidajensu a ƙauyuka. Amma kai ba asalin hukunci ka tambaya ba, halin gidanka ka kawo, kuma a cikin bayaninka akwai abin da ya sauya amsar.

Ka ce ƙannenta maza za su ci gaba da zuwa. Ɗan'uwa, ka sake karanta abin da ka rubuto. Waɗanda ke yawo da wayar maza ne, kuma a tsakanin maza ake nuna hotunan. 'Ya'yanka maza su ne za su zauna benci ɗaya da irin waɗannan yara, su fita tara tare, su shiga banɗaki ɗaya. In ɓarnar ta kai a cire yaro, su suka fi cancantar a fara cirewa. In kuma ba ta kai ba, me ya sa wadda ta tona ita ce za ta rasa ajinta? Abin da za ta koya daga wannan shi ne faɗa wa iyaye gaskiya yana jawo hukunci, gobe kuma in ta ga wanda ya fi wannan muni sai ta yi gum. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, da Annabi (SAW) ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku, a kan kyautar dukiya ya zo. Kuɗin makaranta da kake biya wa maza kana hana mace yana da rabonsa a cikin wannan gargaɗi. Shehu a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, har ya kwatanta yadda suke riƙe su da kayan aikin gida da ake mora sai sun fashe a jefar.

Abu na biyu, ka ce "na yanke shawara", ban ga inda ka ce matarka ta amince ba. A mazhabarmu ta Malikiyya hidimar cikin gida, kamar girki da shara da shimfiɗa, tana kan mace gwargwadon al'ada, amma Khalil, mai littafin fiƙihu na Mukhtasar, ya fitar da saƙa da kaɗi daga ciki, wato aikin da a al'ada ake biyan lada a kansa. Zama malamar aji awa uku ko huɗu kullum irin wannan aiki ne. Ba ka da ikon ɗora mata shi sai da yardarta, nauyin karatun yara kuma a wuyanka yake. Ka duba safiyar gidanka ranar da kake Legas: an sallami maza biyu zuwa makaranta, jariri yana kuka, ga ƙaramin da jaririn ke bi wa yana jan zane, ga wanke-wanke. Wa za a miƙa wa jaririn? Babbar ya. Mako na farko za a yi darasi, na uku a ce bari a sauke tukunya tukuna, kafin wata uku allon ya koma bayan ƙofa, yarinya ta zama mai reno. Wannan ita ce hanyar da karatun gida ya fi mutuwa ta cikinta, kuma ba mugunta ke kawo ta ba, yawan aiki ne.

Saboda haka, a yadda ka tsara abin, bai halatta ka cire ta ba, domin galibin zato shi ne karatunta zai yanke, ɓarnar da kake gudu kuma tana da magani mafi sauƙi.

Sai maganar abokinka, wadda nake so in tsaya a kanta domin ta yaɗu a bakin mutane masu kyakkyawar niyya. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da hadisin "kai da dukiyarka na mahaifinka ne", da kuma cewa karatun boko mubahi ne, wato halal da ba dole ba, shugaba kuwa ba ya mayar da mubahi wajibi. Hadisin yana nan a Sunan na Ibnu Majah, amma malamai ba su fahimce shi da ma'anar mallaka ba. Da uba ya mallaki dukiyar ɗansa, da in ɗan ya rasu ya bar ɗa namiji uban zai kwashe komai, alhali Alƙur'ani sudusi ya yanka masa. Hadisin yana magana ne kan haƙƙin uba mabuƙaci ya ci daga dukiyar ɗansa. Abin da uba yake da shi a kan ƙaramin yaro wilaya ce, wato riƙon amana don maslahar yaron, shi ya sa alƙali yake iya ɗage hannun uban da ke almubazzaranci da dukiyar ɗansa. In shari'a ta ba hukuma damar kare kuɗin yarinya daga sakacin mahaifinta, ta yaya za a ce ba ta da damar kare shekarun karatunta, alhali kuɗi ana mayar da shi, shekara 11 zuwa 15 kuwa ba ta dawowa? Wasu kuma sukan kawo maganar Khalil a babin renon yara, cewa uba yana da haƙƙin bibiyar ɗansa da ladabtar da shi da aika shi makaranta. To ai nassin aikawa ya ba shi, bai ba shi hanawa ba.

Batun mubahi kuwa, ƙa'idar da malaman fiƙihu suka kafa ita ce tasarrufin shugaba a kan talakawa yana rataye ne da maslaha. Dasuƙi, malamin Malikiyya, a hashiyarsa ya bayyana cewa in shugaba ya yi umarni da mubahi ko mustahabbi, biyayya tana wajaba matuƙar abin yana cikin maslahar jama'a. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ɓatattun raƙuma a zamanin Umar ana barinsu ba mai taɓawa, da zamanin Usmanu ya zo sai ya yi umarni a yi cigiyarsu sannan a sayar a ajiye wa mai su kuɗin, saboda halin mutane ya sauya. Kuma ni ban yarda cewa iya karatu da rubutu da lissafi mubahi ne kawai a yau ba. Matar da ba ta iya karanta adadin maganin da za ta ba jaririnta ba, ko takardar gadon da aka ce ta dangwala wa hannu, tana cikin cutarwa a fili. Likitoci mata da ungozoma da malamai mata farilla ce ta kifaya a kan al'umma, wato dole a samu wasu da za su ɗauke wa sauran nauyin, kuma duk mai son likita mace ta duba matarsa ya san daga 'yar wani aka samo ta. Masu cewa gwamnatin ba ta Musulunci ba ce, amsarsu ita ce biyayya a cikin alheri take, kuma umarnin a koya wa yaro karatu alheri ne ko daga bakin wa ya fito.

Ikon hukuma ma yana da iyaka, kada ka ɗauka na miƙa mata komai. Ba ta da ikon tilasta wa 'yarka saɓon Allah, ko cusa mata aƙidar da ba taku ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata haƙƙin sa hijabi a shari'ar makarantun Jihar Legas. In kuma akwai haɗari na gaske ga rai ko mutunci, kamar inda 'yan bindiga ke kwashe ɗalibai irin abin da ya faru a Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024, ko wani malami yana neman yarinya da lalata, to cire ta nan take wajibi ne, ba a jiran izinin kowa, sai a nema mata wani wuri.

Abin da ka gani a intanet kuma ka san kowace ƙasa da dokarta. A Amurka karatun gida halal ne a dukkan jihohi, sharuɗɗan ne suka bambanta. Ingila ta yarda da shi, Jamus ta hana, Faransa kuwa tun 2022 sai da izinin hukuma. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, shekara tara ke nan. Wanda ya saɓa, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Na san ba kasafai ake kai kowa kotu ba, kuma ba tarar ce ta fi damuna ba. Abin da zai cutar da yarinyar shi ne takarda. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare makaranta ce ke yi wa ɗalibi rajistarta. WAEC da NECO na 'yan makaranta suna haɗawa da makin gwaje-gwajen aji da makaranta ke turawa. Akwai ta 'yan waje da ake zana wa ba tare da makaranta ba, kuma JAMB tana karɓar sakamakonta, amma yarinyar da ke son aikin jinya ko ungozoma sai ta ci Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, waɗannan kuwa da wuya a iya su a tsakar gida babu ɗakin gwaji. NCE ta mahaifiyarta a fanni ɗaya ko biyu take. Za ta iya riƙe aji biyar da shida, amma lissafin sakandare wani abu ne daban.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kafin tafiyarka ta gaba ka je wurin shugaban makarantar da kanka, ka gaya masa abin da ke faruwa ba tare da ka ambaci sunan 'yarka ba, don kada yaran su tsangwame ta. Ka nemi a hana shigowa da waya, a riƙa duba jakunkuna a bakin ƙofa, a raba layin zaman maza da mata, sannan ka kai maganar taron iyaye da malamai. Ka ba su mako biyu ko uku. In ba a gyara ba, ka kwashe yaran uku gaba ɗaya a ƙarshen zango, bayan ka karɓi sakamakonsu da takardar canjin makaranta, domin in babu su sabuwar makaranta tana iya mayar da yaro baya. Ka tabbatar sabuwar tana da rajistar gwamnati, kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago. Saura mata shekara ɗaya da 'yan watanni ta gama firamare, kuma Kano ba ta rasa sakandaren 'yan mata zalla ba, har da na kimiyya da masu haɗa boko da Larabci da haddar Alƙur'ani.

In ta kama dole ta zauna a gida na ɗan lokaci, zango ɗaya misali kafin a samu gurbi, ya halatta da sharaɗi. Matarka ta yarda da bakinta, ka ɗauko mai taya ta reno da aikin gida, ka kuma ba ta wani abu a kan koyarwar in ta nema. A tsayar da lokaci, ƙarfe takwas zuwa sha biyu, kwana biyar a mako, kada a aiki yarinyar ko a miƙa mata jariri a cikinsa. A sayo littattafan ajinta na manhajar ƙasa, a fi ba Turanci da lissafi ƙarfi, musamman rabawa mai tsawo da lissafin ɓangarori, domin a nan yaran aji biyar suka fi sarewa. Duk ƙarshen wata wata malama daga waje ta yi mata gwaji, don uwa takan ga ƙoƙari ta ɗauka fahimta ce. Ta ci gaba da zuwa Islamiyya don ta riƙa cuɗanya da sa'o'inta. In za ka ɗauko mai koyarwa, mace ta fi. In namiji ne, a tsakar gida a gaban mahaifiyarta, ba a ɗaki ko zaure su biyu ba, ko da kuwa ɗan'uwanka ne na jini da ba muharraminta ba, ko malamin Alƙur'ani.

Wayoyin gidanka ma ka duba su. Yaro ɗan aji biyar da ya je makaranta da irin waɗannan hotuna, mai yiwuwa daga wayar wani babba a gidansu ya samo. Ka sa wa taka da ta matarka lambar sirri, kada a bar yara da waya su kaɗai da dare. Ka zauna da 'ya'yanka maza ka tambaye su cikin lallami me suka gani, ba da bulala a hannu ba. Ita kuma yarinyar ka kira ta ka yaba mata a gaban mahaifiyarta, ka gaya mata abin da ta yi daidai ne, kuma ba za a cire ta daga karatu saboda shi ba.

Allah ne mafi sani.