Karan Gona Zai Iya Zama Man Mota?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa funfuna na iya mayar da karan masara da bambaron shinkafa man mota. Gaskiya ne? Zan iya yi a gida?

Amsa: Gaskiya ne, amma ba aikin gida ba ne. Kara cike yake da sukari, sai dai sukarin a ɗaure yake cikin wani zare mai suna selulos, ga kuma lignin, abin da ke sa itace tauri, ya lulluɓe shi. Wasu irin funfuna suna fitar da sinadaran da ake kira enzayim, su ne ke tsinka zaren har ya koma sukari. Wadda ta fi suna ita ce Trichoderma reesei, da aka gano a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana cinye tantunan auduga na sojojin Amurka. Yau jikokinta ake kiwo a manyan tankuna.

A masana'anta sai an daddatse karan, a turara shi da tururi mai tsananin zafi ko a jiƙa shi da ruwan asid don lignin ya saki. Sannan a zuba enzayim ya yi kwanaki yana aiki a zafin da ya kai kusan digiri 50, yisti ya mayar da sukarin itanol, wato sinadarin da ake gaurayawa da fetur a zuba wa mota, a tace. Brazil na yin haka da tuƙar rake, Indiya kuma ta buɗe masana'antar bambaron shinkafa a Panipat a 2022. Ko can ɗin ma kuɗin aikin na ba su wahala, balle mai tukunya ɗaya.

Tambaya: To idan masu saye suka zo, in sayar da karan duka?

Amsa: A'a, ban ba ka wannan shawara ba. Karan nan shi ke rufe ƙasa daga iska da zaizaya, in ya ruɓe kuma ya mayar mata da abincinta. Ka sayar da rara kawai, bayan ka cire na dabbobi ka bar wa gona nata.

Funfunar da za ta yi maka aiki tana nan cikin ƙasarka. Ka sare karan ƙanana, ka jera shi hawa-hawa da kashin dabbobi, ka yayyafa ruwa ya yi danshi ba tare da ya yi sharkaf ba, kana juyawa duk bayan mako biyu don iska ta shiga. In ka ga farin zare ya bazu a ciki, kada ka tsorata, ita ce ke mayar maka da shi taki.