Me ya sa 'ya'yan ƙaguwa ke taruwa cikin ciyawar teku?

Ƙanena, ka tambaya dalilin da ya sa malaminku na jami'a a nan Kano ya ce 'ya'yan ƙaguwa da jatan lande sun fi sauka inda ciyawar teku ta yi kauri. Gaskiya ya faɗa.

Da farko 'ya'yan nan yawo suke cikin ruwa, igiya ce ke jan su. Idan ruwan ya shiga ciyawa mai ganye da yawa, gudunsa sai ya ragu, su kuwa su samu damar kama ganye su zauna. Ka lura da yadda ciyawar bakin Kogin Challawa ke tare laka, haka abin yake.

Amma sauka kaɗai ba ta isa ba, tsira ce babbar magana. Kifi ba ya ganin ƙaramar ƙaguwa a tsakanin ganyaye, kuma gansakukar da ke manne a jikin ganyen abinci ce gare su. Shi ya sa a mashigin Chesapeake na Amurka ƙananan shuɗiyar ƙaguwa suke cika wannan ciyawa. A yankinmu na Afirka ta Yamma ma akwai irin wannan ciyawa da yawa a gaɓar Muritaniya.